Awon kolestarol kaɗai bai wadatar ba, ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambaye ni daga ina aka samo al'adar nan, da zarar an ambaci ciwon zuciya sai a ce je ka auna kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, kuma ko wanda nasa ya fito daidai, irin naka, ya tsira ke nan.

Al'adar ba a banza ta kafu ba. A 1948 aka fara bibiyar lafiyar mutum sama da 5,000 a garin Framingham na Amurka, shekara da shekaru, aka ga masu yawan kolestarol da masu hawan jini da mashaya taba sun fi kamuwa. Shi kolestarol ya fi shiga bakin mutane ne don awonsa ba wuya, ga maganin rage shi da aka samu daga baya. Amma ba shi kaɗai jini ke ɗauke da shi ba.

Akwai wani mai ɗauke da kitse a jini da ake kira Lp(a), wanda Kåre Berg ya gano a Norway a 1963. Wannan gadonsa ake yi, abinci da motsa jiki ba sa taɓa shi sosai, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar nasa ya yi yawa. Yawanci awo ɗaya ya isa har tsawon rayuwa. Idan a dangi an taɓa samun wanda zuciyarsa ta buga da sauran ƙuruciyarsa, to a nemi wannan awon. Sai CRP, wani sinadari da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki: ƙasa da miligiram 1 a lita haɗarin kaɗan ne, sama da 3 kuwa a sa ido. Kada ka je wannan awon kana fama da mura ko ciwon haƙori, zai hau ya tayar maka da hankali a banza.

Wanda na fi so ka tsaya a kansa shi ne homosistin, wani sinadari da shi ma ake aunawa a jini. Tun 1969 wani likita, Kilmer McCully, ya danganta yawansa da lalacewar jijiyoyin jini, kuma an san folik asid da bitamin B12 suna sauke shi. Kowa ya ɗauka an gama. Aka ba dubban mutane bitamin ɗin, lambar ta sauka a takardar awo tsaf, amma manyan binciken da suka fito a 2006 suka nuna yawan waɗanda zuciyarsu ke bugawa bai ragu ba. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba. Don haka idan mai talla ya nuna maka kwalba ya ce tana gyara lambar kaza a jini, tambaye shi ko ta rage masu kwanciya a asibiti.

Ta fannin ci kuwa, ni gishiri ya fi ba ni tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da na leda. Ganye da 'ya'yan itatuwa na kawo potasiyam mai sassauta hawan jini. Zaƙi kuma yana ɗaga kitsen tiraigiliserayid, ya ja mutum zuwa ciwon suga, wanda awon suga a jini da ake kira HbA1c ke nunawa idan ya kai kashi 6.5.

Idan ka koma wurin likita, sa ya duba maka hawan jini da suga da ƙoda, ka kuma faɗa masa tarihin gida ba ɓoye-ɓoye. Ka gaida mahaifiyarka.