Zan sayi gidan gado mai satifiket da sunan mamaci: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, kuma wannan ne gida na farko da zan saya. Dillali ya nuna mini wani gida mai satifiket, amma sunan da ke kan takardar na mahaifin mai sayarwa ne, wanda ya rasu. Babban ɗansa ya ce 'yan uwansa sun wakilta shi. Ana matsa mini in ba da kafin alƙalami cikin mako guda. Ya zan yi?

Amsa: Malam, kada ka ba da ko sisi tukuna. Satifiket ɗin zai iya zama sahihi, amma abin da ya kamata ya dame ka shi ne ko mutumin da ke gabanka yana da ikon sayar da gidan.

Daga ranar da mai gida ya rasu, gidan ya zama na magadansa gaba ɗaya, kowa da rabonsa: matansa, 'ya'yansa maza da mata, da iyayensa idan suna raye. Kasancewar mutum babban wa ba ta ba shi ikon sayar da kason kowa. Idan ya sayar maka shi kaɗai, abin da ka saya bai wuce nasa rabon ba, kuma duk wani magaji da bai amince ba zai iya kai ka kotu. Galibi ƙarar kan fito ne daga 'yar da ke aure a wani gari, ko 'ya'yan matar da aka saki tun da daɗewa, waɗanda babu wanda ya ambata maka su a ranar ciniki. Idan kuma akwai marayu da ba su balaga ba, sa hannun yayansu ba ya wadatarwa, sai da izinin alƙali.

Akwai kuma shuf'a. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, idan wani ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason. Wanda yake gari kuma ya san da cinikin, haƙƙinsa kan faɗi bayan shekara guda, amma wanda ba ya nan yana nan kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Maƙwabci dai ba shi da wannan haƙƙi. Ka lura, kuɗin da za a mayar maka shi ne wanda ka biya a lokacin ciniki, ba darajar gidan ta ranar da aka karɓe ba.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Wadda na fi so ita ce magada su je Kotun Shari'ar Musulunci a raba gadon, ko kotu ta ba da izinin sayar da gidan a raba kuɗin, sannan ka saya bisa takardar kotu. Lauyanka ya je kotun da kansa ya karɓo kwafin da aka tabbatar, domin ana buga na jabu. Ta biyu, idan duk magadan baligai ne, kowannensu ya sa hannu a yarjejeniyar gaban shaidu, tare da hotonsa da katin shaidarsa; wanda ba ya gari ya aiko da rubutaccen wakilci. Rauninta shi ne kana dogaro da jerin sunayen da su suka ba ka, don haka ka tambayi mai unguwa, limamin unguwa da tsofaffin maƙwabta matan mamacin nawa ne da 'ya'yansa. Ta uku, ka haƙura da gidan. Mai sayarwar da ya ƙi zuwa kotu kuma ya ƙi kawo 'yan uwansa ya riga ya ba ka amsa.

Sai binciken takarda. A Kano ana yin sa a ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye, kamar yadda ake yi a KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja. Binciken zai nuna ko lambar fayil ɗin ta dace da sunan da ke kan satifiket, ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati ta soke mallakar, da ko akwai bashin kuɗin ƙasa. Ka nemi ganin ainihin satifiket ɗin, ba kwafi ba. Idan aka ce ya ɓata, sau da yawa yana hannun wanda ke bin bashi ne. Ka kuma ɗauki safiyo ya auna gidan ya gwada da taswirar da ke jikin takardar, sannan a duba a hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ko ginin yana da izini, kada ka sayi abin da ya shiga hanya ko magudanar ruwa.

Wani abin da masu sayen farko ba su cika sani ba: riƙe satifiket a hannu ba ya mayar da kai mai gida a idon gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99 ga gidan kwana. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Saboda haka bayan ciniki lauya zai rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi rajista da sunanka. Ka ware kuɗin wannan tun yanzu, tare da la'adar dillali da ladan lauya. Takardar wakilci da wasu ke karɓa don gudun wannan kashe kuɗi ba ta miƙa mallaka. Takardar mai unguwa ko dagaci ma shaida ce cewa an yi ciniki, iyakarta ke nan.

Game da biya, sai bayan bincike za ka ba da kafin alƙalami, kuma a rubuta ƙarara cewa za a dawo maka da shi idan aka sami matsala a takarda ko a magada. Ka biya ta banki zuwa asusun da aka ambata a yarjejeniya, ba na dillali ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai an ba ka ainihin satifiket, an sa hannu a takardun neman amincewar gwamna, an kuma miƙa maka makulli. Idan akwai 'yan haya ko wani daga cikin magada a ciki, a rubuta ranar da za su tashi kafin cikon kuɗi, domin ɗan hayar shekara yana da notis na wata 6, kuma ba a fitar da shi sai ta kotu.