Gem ɗin ɗaya ne, me ya sa hoton ya bambanta?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da shagon gem a Tudun Wada, Gusau. GTA V ɗin da ke tsohuwar kwamfutata shi ne abokina ya sa a sabuwar da ya sayo daga Kano. A tasa har inuwar ganyen bishiya ana gani, tawa kuwa kamar an barbaɗa wa hoton toka. Ko jabu aka sa mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba jabu ba ne, ƙarfin injin ne ya bambanta.

Fim an riga an ɗauke shi, ko a wace talabijin ka kunna, abin da aka ɗauka za ka gani. Gem kuwa nan take ake zana shi. Duk sanda yaro ya karya kan mota, katin hoto da ke cikin kwamfutar sai ya sake zana titi da gidaje da inuwa, sau 30 ko 60 a daƙiƙa guda. A allon 1080p, kowane zane ɗigo miliyan biyu ne da 'yan kai. A 4K ya haura miliyan takwas, wato aikin ya ninka huɗu.

Masu haɗa gem sun san ba kowa ke da babban inji ba, shi ya sa suke yi masa matakai. Ka shiga saitin hoto na GTA V, za ka tarar inuwa da matakinta, ciyawa da nata, haka ƙyallin ruwa, haka nisan da ido zai hango kafin gine-gine su ɓace. Daga sama akwai wani layi mai nuna yawan ma'ajiyar katin hoto da saitinka ya ci. Wannan layin shi ne alƙali. Gem ɗin ya fara fitowa a 2013 a kan na'urar gem ta PS3, wadda ma'ajiyar hotonta megabait 256 ce kacal, ya iso kwamfuta a 2015 da matakan da PS3 ko a mafarki ba za ta ɗauka ba. Kai kana ƙasan tsanin, abokinka ya haye sama.

Wasu kamfanonin ma da gangan suke ɗinka rigar da ta fi mai ita, kamar yadda ake yi wa yaro kayan sallah da rara don ya girma cikinsu. Kamfanin Crytek na Jamus ya fitar da gem ɗin Crysis a 2007, kuma matakinsa na ƙarshe sai da ya durƙusar da manyan kwamfutocin lokacin. Sai bayan shekaru talaka ya ga ainihin kyansa.

Amma abin yana da iyaka. Sabon inji yana buɗe abin da aka ajiye ne a ciki, ba ya ƙirƙiro wanda babu. Katunan hoto na RTX da kamfanin Nvidia ya fara sayarwa a 2018 suna iya bin sawun haske daga fitila zuwa bango zuwa ido, sai dai idan ba a gina gem ɗin da wannan dabarar ba, kuɗinka ya tafi a banza ta wannan fuskar.

Ni a ganina, mai shago bai kamata ya bi kyau ba. Yaron da ya biya kuɗin awa zai yafe maka inuwa mara kyau, ba zai yafe maka sarƙewa ana tsakiyar tsere ba. Fara rage MSAA, wato saitin da ke sa gefen abubuwa ya yi sumul, sai ciyawa, sai inuwa, su ne manyan masu cin ƙarfi. Sannan ka buɗe murfin akwatin ka leƙa fankar katin. Ƙurar hunturu kan daskare a jikinta kamar auduga, kuma idan zafin Afrilu ya zo katin da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Kashe kwamfutar tukuna, zare waya daga soket, ka danne fankar da yatsa ka hure ƙurar da bulowa.