Daga Tawa zuwa Kwatano da tsohuwa da yaro: kwana goma zai isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Tawa. Yayana ya daɗe yana zaune a unguwar Zongo ta Kwatano, matarsa ta haihu, ba mu samu zuwa suna ba. Yanzu Innarmu ta kafe sai ta je ta ga jikanta da idonta. Shekarunta 67, tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Nan da mako uku zan samu hutun kwana goma, kuma dole in tafi da ɗana mai shekara huɗu. Ban taɓa wuce Doso ba. Kwanakin za su isa? Me ya kamata in tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya abin da aka samu, ya kuma ƙara wa Inna lafiya. Na yi shekaru ina rakiyar kar, wato babbar motar fasinja, a wannan layin kafin in dawo zama a tasha nan Yamai, kuma mutanen Adar, yankinku na Tawa, su ne rabin fasinjojinmu, don haka tambayarki ba baƙuwa ba ce a kunnena.

Kwanakin za su isa, amma ki cire wa ranki cewa kwana goma za ku yi a gidan yayanki. Daga Tawa sai kin sauko Ƙonni, kin bi ta Dogon Dutsi zuwa Doso, sannan kin karkata kudu zuwa Gaya. Wannan kaɗai ya haura kilomita 500. Babu abin da zai kai ki Yamai, sai dai idan kar ɗin da kika samu daga can take tashi. Bayan an ƙetare kogin Kwara an shiga Malanbil ta ƙasar Benin, akwai sauran fiye da kilomita 700 ta Kandi, Faraku, Dasa da Bohikon kafin ki ji ƙamshin teku. Jimilla wajen kilomita 1,300 ke nan. Saurayi mai jaka ɗaya a kafaɗa yana iya haɗiye ta ba tsayawa. Ke da kike da tsohuwa da yaro, ki lissafa kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Washegarin isarku ba ya shiga lissafi, domin Inna kwanciya za ta yi, ƙafa a kumbure. Sai ki ware kwana ɗaya a gida kafin ranar komawa aji, saboda mota tana lalacewa, iyaka tana cinye yini. Abin da ya rage a hannunki kwana huɗu ne. Sun isa a ga jariri, a yi hira, a gaida dangi. Ba su isa a ce za a leƙa Lome wurin wata gwaggo ba, kuma na san za a kawo miki wannan shawarar. Ki ce sai wani jiƙon.

Abin da ba ya jira shi ne katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Benin tana neman sa ga mai shigowa, kuma ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma a jiki. Da mako uku a gabanki, gobe ya kamata ki je gidan likita, ba jibi ba. Tun Yulin 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ko da tsohon kati ya nuna shekara goma. Saboda haka, in Inna ta taɓa sauke farali, ki bincika jakar Hajjinta, da wuya ba ki tarar da katin a naɗe cikin fasfo ba, tunda Saudiyya ma tana neman sa ga alhazan Nijar. Idan ba ta taɓa yi ba, kada ki bari a soka mata kawai: wanda ya haura shekara 60 likita ne ke duba shi ya yanke ko a yi ko a bari. Shi kuwa ɗanki, in kin cika masa rigakafin wata tara, an riga an yi masa tare da ta ƙyanda. Ki ɗauki katin awonsa na asibiti ki kai, a juya masa a kan katin tafiya. Za ki haɗu da masu ce miki ki kawo kuɗi a buga miki hatimi ba sai an taɓa fatarki ba. Takardar za ta iya wuce shinge, amma sauron kurmi ba ya karanta hatimi.

Sauran takardu ba su da wahala. Ki duba ranar mutuwar katin ɗan ƙasa, naki da na Inna, tsofaffi sun saba riƙe wanda ya mutu tun shekara uku ba su sani ba. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tare da Mali da Burkina Faso, ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar katuna da fasfo na ƴan ƙasashen uku, su shiga ba biza. In kuna da fasfo ku riƙe shi, yana rage dogon magana. Yaro kuma da takardar haihuwarsa, da takardar izinin mahaifinsa wadda aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari ko wurin ƴan sanda. Mata da yawa suna raina wannan, suna cewa ai ɗana ne. Jami'in da ke bakin iyaka bai san haka ba, kuma an ɗora masa aikin tsare masu fataucin yara. Na ga uwa ta sauka daga mota da kuka a kan wannan takardar guda.

Yanzu kogi, wanda shi ne wurin da nake jiye wa gwiwar Inna. A da, kar tana hawa gadar Gaya ta sauka Malanbil, fasinja yana zaune abinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar. Da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe gefenta, Nijar ta bar nata a rufe, sai tafiya ta koma kashi uku: mota ta ajiye ka a Gaya, ka shiga kwale-kwale da kayanka, wata motar ta ɗauke ka a ƙetare. Lamarin iyaka yana juyawa cikin dare ɗaya, don haka ranar yankan tikiti ki tambayi mai sayarwa ƙarara: ta gada ko ta ruwa? Tikitin ya haɗa da motar ƙetare da kuɗin jirgi, ko kowa tasa ta fisshe shi? In ta ruwa ne, ki sani akwai gangara, akwai taɓo, akwai turereniya. Ki ɗauki ɗan dako ɗaya, ku yi ciniki kafin ya taɓa kaya, ke kuma hannu ɗaya a Inna, ɗaya a yaro. Jirgin da aka loda har bakinsa yana shan ruwa, ki bar shi ya tafi, wani na zuwa. Ki nemi rigar hana nutsewa ko da za a yi miki dariya. Kuma ki tsara tafiyar yadda za ku ƙetare da rana, ku ratsa arewacin Benin ido na ganin ido, domin yankin da ke maƙwabtaka da gandun dajin W ya sha fama da hare-hare a shekarun nan.

Wannan ya kawo mu ga kaya. Da zarar unguwa ta ji za ki Kwatano, sallahu zai fara shigowa: wannan ƙullin na ɗana ne, wancan na mijin ƙanwata. Ki karɓi kaɗan, kuma kowane ƙulli a kwance shi a gabanki. Ba rashin yarda ba ne. Duk abin da duwan, wato jami'an kwastan, suka ciro daga jakarki naki ne a idon hukuma, ko da ƙwayoyi ne wani ya cusa cikin garin kuka. Tsarabar da ta fi faranta wa ɗan Adar rai a bakin teku ba ta da nauyi: cuku, kilishi, yaji, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Albasar Galmi kam ki bar ta, tireloli sun riga ki kai ta can. Sai dai ki gaya wa matar yayanki kada ta yi wa cuku da kilishi ajiyar Tawa. Iskar can jiƙe take, abin da zai yi wata uku a ɗakinki yana iya yin funfuna cikin ƴan kwanaki. A ci, a raba wa maƙwabta.

A cikin mota, maganin hawan jinin Inna ya zauna a jakar hannu, da abin da zai ishe ta har da ƙarin mako, ba cikin buhun da aka loda a ƙasa ba. Tsofaffinmu suna da wata dabara da nake faɗa da ita kullum: su ƙi shan ruwa tun asuba don kada fitsari ya kama su a hanya. Kada ki yarda. Ta sha, kuma duk inda aka tsaya salla ko shinge ta sauko ta taka ƙasa, ko taku ashirin ne. Ki roƙa mata kujerar gaba ta gefen hanyar wucewa cikin motar, inda za ta miƙe ƙafa. A hanya kuna da sauƙin kasaru, amma a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya koma cika salla da isarsa.

Kuɗi bai zama matsala ba, sefar da ke jakarki ita ake kashewa a Kwatano, agogo ma ɗaya ne. Ki rarraba su wuri biyu ko uku, ki tanadi canji saboda ƴan zemijan, masu babur ɗin nan masu rigar ruwan ɗorawa. Inna dai a nema mata tasi.

A can, zafin bai kai na Tawa a watan Afrilu ba, amma gumi ba ya bushewa, sai mutum ya ji kamar an rufe shi da bargo jiƙaƙƙe. Kaya marasa nauyi za ki ɗauka. Sauro kuma ba ya da damina ba ya da rani, shekara yake yi. Ki tafi da sangenki, kada ki dogara da na masu gida, mai jego da jariri sun fi ku buƙatarsa. Duk wanda ya yi zazzaɓi a cikinku, a can ko bayan kun dawo, a yi masa gwajin jini a ranar, a kuma gaya wa likita daga inda kuka fito.

Za a kai ku ganin teku, wataƙila a Fijirose, kuma ya kamata ku je, wanda ya taso a Adar bai kamata ya kai Kwatano ya dawo bai gan shi ba. Amma teku ba tabkin Tabalak ba ne. Igiyar ruwan gaɓar nan tana zuwa ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta ja ka ciki, har waɗanda suka iya iyo tana ci. Ku tsaya inda rairayi yake a bushe, hannun yaron a cikin naki, ko hoto za a ɗauka.

Tikitin dawowa kuma, ranar da kuka sauka za ki sa yayanki ya yanko shi, tun kafin a fara cewa haba, ku ƙara ko kwana biyu mana. Inna ce za ta fara goyon bayan masu cewa hakan. Idan ta nace za ta zauna har a yi arba'in, ba laifi, ki bar mata maganinta da katinta, ku tsayar da wanda zai rako ta, ke ki kamo hanya da ɗanki.