Tambayi Bakanike: Gilashin Sanruf Ya Fashe, In Canja Ko In Sa A Walde Wajen?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni uku ne suka shigo a kan abu ɗaya, wato sanruf, gilashin nan na saman mota da ake zugewa, sai na ce bari in haɗa su wuri guda tunda damina ta kankama, kuma ai yanzu ne rufin mota yake tona asirin mai shi.

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah shawara nake nema. Ina da Toyota Venza 2011 mai dogon gilashin nan a sama, ranar Talata da daddare aka yi iska mai ƙarfi reshen darbejiya ya karyo ya faɗo kan motar a cikin gida, da safe muka tarar gilashin saman na gaba ya zama gari, kujeru duk sun cika da ɓaraguzai. Yanzu dai leda muka ɗaura. Mai gyaran bodi ya ce in kawo ya yanka faranti ya walde wajen ya bi da fenti kowa ya huta, ƙanin maigidana kuma ya ce akwai mai gilashin taga da zai yanka mana daidai wajen da araha. Ni kuma wallahi ina son motata yadda take. Wanne zan bi?
Daga wata mai karatu a Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba, an gode Allah da ya tsaya iya kan gilashi babu kowa a ciki. Kafin komai, don Allah kar wanda ya taɓa makunnin sanruf ɗin nan, ko yara ko direba, ko da wasa. In da hali ma a cire fiyus ɗinsa. Zan faɗa miki dalili a gaba.

Maganar mai gilashin taga ki ajiye ta gefe gaba ɗaya, a ba ƙanin maigida haƙuri. Kin ga yadda naki ya farfashe ƙanana ƙanana kamar gishirin kanwa? Da gangan aka yi shi haka. Gilashi ne da ake gasawa a wuta sama da digiri 600 sannan a huce shi da iska nan take, sai ya yi ƙarfi kusan ninki huɗu na gilashin taga, in kuma ya tashi fashewa ya zama tsakuwa maimakon ya tsage dogo dogo. Shi irin wannan da zarar an gasa shi an gama, ba a yanka shi ba a huda shi, ana sa masa abin yanka zai tarwatse. Toh duk wanda ya ce zai yanka miki daidai wajen, gilashin gida zai sa miki, shi kuwa in ya fashe wuƙaƙe yake zama, kuma a saman kan 'ya'yanki zai zauna, mota tana gudu tana faɗawa ramuka. Ga shi na mota a ɗan lanƙwashe yake yana bin rufin, na taga kuwa a miƙe yake samɓal, ba zai taɓa zama a kan robar ba.

Walda kuma, ba zan ce haramun ba ce, na ga tsofaffin motocin haya da aka yi wa haka kuma suna ta aiki abinsu. Amma waɗancan ƙaramin rami ne. Naki ramin babba ne, zafin walda yana lanƙwasa farantin rufi, sai a cike da fila a shafe, rana ta dake shi wata biyu ya fara tsagewa, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Sannan ta gefen rufin nan a bayan silin akwai iyabag na labule, wato jakar iskar nan mai fitowa in an yi hatsari, da wayoyi, ba wajen wasa da wuta ba ne. Ranar da kika tashi sayarwa kuwa dillali yana leƙa sama zai ce motar hatsari ce ta taɓa kifewa, ki yi ta rantsuwa ba mai yarda.

Canjawa za ki yi, kuma sa'arki ɗaya na gaban ne ya fashe. A irin motarki na gaba shi ke motsi, na baya a manne yake. Mai motsin da sukurori yake ɗaure a kan hannuwan ƙarfe guda biyu, yawancin motoci huɗu ne zuwa shida, ana cire robobin gefe za a gan su, ba sai an sauke silin ba. Da na baya ne da sai an yanke tsohon gam an goge an sa sabo irin na gilashin gaban mota, a bar shi ya bushe, aiki ne na yini guda da ƙarin kuɗi.

Wajen saye, Venza ta cika gari saboda haka Beljiyam ɗinsa ba ya wahalar samu, a duba Panteka nan Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, in duk babu a kira 'yan Ladipo a Legas. Kuɗinsa dala yake bi, a tambayi wuri uku kafin a biya. Kar a je da baki kawai a ce "gilashin Venza", a tafi da lambar casis, guda 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, sannan a kwance firam ɗin tsohon gilashin a tafi da shi a ɗora a kan sabon a ga ramukan sukuru sun hau. Wanda zai saya ya duba kusurwar gilashin akwai hatimi, sunan kamfani da lambar DOT da kalmar Tempered ko Laminated, in babu hatimi ya ajiye musu kayansu. Sannan ya bi bakin gilashin da farce zagaye guda yana ɗaga robar kaɗan kaɗan. Tsakiyarsa ko naushi ka kai masa ba lallai ya fashe ba, amma bakinsa nan ne lagonsa, ɗan ɓalli kamar ƙwayar gero ya isa ya tarwatsa shi bayan wata uku ki rasa dalili. Robar ma a duba, in ta bushe ta tsattsage a nemi wani. In kuma daga Legas za a ɗoro, a yi magana tun kafin a tura kuɗi, in ya fashe a hanya asarar wa? A ce su naɗe shi da katifa da kwali a tsayar da shi a tsaye, kar a kwantar a ɗora masa giyabos a kai.

Yanzu ga inda mutane suke asarar kuɗinsu, kuma shi ya sa na ce kar a taɓa makunni. Ɗaura gilashin ba wani aiki ba ne, minti talatin an gama. Aikin yana wajen shara. Tsakuwar gilashin nan ta zuba cikin layin dogon da gilashin ke bi, ta manne da tsohon giris, a cikin layin kuma akwai kebul guda biyu da ɗan ƙaramin moto yake turawa da haƙoran giya. Wani abokina ya taɓa kai motarsa aka canja masa cikin awa ɗaya, yana ta murna an yi masa aikin gaggawa, bakaniken ko tsintsiya bai ɗauka ba. Kwana biyar yana zugewa ya ji ƙurrr ƙas ƙas, gilashi ya tsaya a karkace rabi a buɗe, ga hadari ya haɗo. Da aka kwance muna tsaye, haƙoran giyar duk sun cinye, kebul ɗaya ya tsinke, mai gyaran na biyu ya sa tsinke yana zaro gilashi ƙwaya ƙwaya daga cikin baƙin giris yana tarawa a murfin robar ruwa har ya cika. Kuɗin wannan gyaran ya fi na gilashin.

Saboda haka Hajiya ki sa wani ya tsaya a kansu. A sa injin zuƙe ƙura a zuƙe layin duka biyun, a bi da burushin fenti da tsumma har a cire tsohon giris tas, a ja labulen ciki gaba da baya a kakkaɓe shi don nan ma suna maƙalewa, sannan a shafa sabon giris na silikon kaɗan. Banda baƙin mai, banda giris ɗin boris, ƙurar hunturu kawai za su tara miki. Kujeru da ramukan bel da ramin iskar AC ma a zuƙe, yara suna sa hannu ko'ina.

Bayan an ɗaura kar a ɗaure sukurorin tamau sai an saita tsayi. A rufe gilashin a ɗora katin ATM a tsaye tsakanin rufi da gilashi a duba kusurwa huɗu, bakin gaba ya yi daidai da rufi ko ya ɗan yi ƙasa kamar milimita 1, na baya ya yi daidai ko ya ɗan ɗago haka. In gaban ya fi rufi tsayi kina hawa titin Zariya za ki ji fito kamar ana busa sarewa. Sai a yi masa risetin don moton ya san inda zai tsaya, a Toyota yawanci danne makunnin ɗagawa ake yi a riƙe har ya gama zagayensa da kansa, littafin motar ya faɗi yadda ake yi. Kafin ki biya cikon kuɗin aiki a buɗe a rufe sau goma a gabanki kina saurare.

Ledar da kuka ɗaura kuma, in da salatif ɗin kwali mai ruwan ƙasa kuka manna a cire shi yau, rana na dukansa gam ɗin zai kama fenti. A sa farin na masu fenti a ƙasa tukuna, kuma kar a yi doguwar tafiya da ita a haka.

TAMBAYA: Malam ni tawa babu abin da ya faɗo mata. Ina tuƙi tsakanin Funtuwa da Gusau da rana tsaka na ji tau kamar harbi, wallahi na ɗauka mutanen daji ne na taka mota, sai da na isa gari na ga sanruf ne ya tarwatse. Zafin rana ne ko hannu aka sa min?
Daga wani Alhaji a Gusau

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara tsarewa, a wannan hanyar kam dole hankali ya tashi. Ba hannu ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. A Amurka ma da suka bi ƙorafin masu motoci, mujallar Consumer Reports ta fitar a 2017 cewa an kai ƙorafi sama da 850 na sanruf da ya fashe da kansa, kuma a ƙarshen 2012 kamfanin Hyundai ya janye motocin Veloster dubbai saboda gilashin samansu. Shi gasasshen gilashi a ɗaure yake da kansa kamar gwafar danƙo da aka ja, abu kaɗan yake jira. Wani lokacin tsakuwar da tayar tirela ta harbo ce ta sauko masa, ba za ka gan ta ba, wani lokacin tsohon ɓalli ne a bakinsa, wani lokacin kuma wani ɗan ƙwayar datti ne mai suna nikel salfaid da ya shiga tun a masana'anta, ido ba ya ganinsa, yana kumbura a hankali shekara da shekaru. Rana ita kaɗai ba ta cika fasa lafiyayyen gilashi ba, amma in akwai rauni, zafi da girgizar ramuka su suke ƙarasa shi. Duk abin da na faɗa wa Hajiya a sama ya shafe ka. Ƙari ɗaya, in ka sa sabo ka sa a manna masa ledar tint mai kauri ta ciki, in ya sake fashewa za ta riƙe yawancin tsakuwar maimakon ta zubo maka a ka, kuma ka riƙa jan labulen in za ka yi doguwar tafiya. Sannan a daina barin samari suna fitowa ta sama ranar ɗaurin aure ko kamfen suna zama a bakin ramin, nauyinsu yana lanƙwasa layin, gilashi ya riƙa gugar ƙarfe.

TAMBAYA: Yallaɓai an canja min gilashin sanruf wata biyu da suka wuce, yanzu in aka yi ruwa kafet ɗin gaba yana jiƙewa har wari yake. Gilashin ne jabu? Kuma inshora za su biya ni?
Daga wani matashi a Jos

AMSA: Ƙanina da wuya gilashin ne. Robar sanruf dama ba ta hana ruwa shiga ɗari bisa ɗari, akwai wani faranti a ƙarƙashi mai tare ruwan, da ramuka a kusurwoyi da siraran tiyo da suke saukar da shi ta cikin ginshiƙan mota zuwa ƙasa. Ina kyautata zaton ɓaraguzan tsohon gilashi da ƙura ne suka toshe na gaba. Ka buɗe sanruf ɗin ka ɗauki buta ka zuba ruwa kaɗan a kusurwar gaba, ka sauka ka leƙa bayan tayar gaba, in ruwa bai zubo ba toh nan ne. A zura igiyar roba mai ɗan tauri a hankali a buɗe shi, kar a sa wayar ƙarfe za ta huda tiyon, kar kuma a kai wa mai faci ya hura da iskar kwamfiresa, ƙarfinta yana cire tiyon daga mazauninsa sai an sauke silin kafin a mayar. Kafet ɗin a ɗaga shi a shanya soson da ke ƙasa, akwai wayoyi a wajen.

Inshora kuwa ka duba takardarka. In ta naira 15,000 ɗin nan ce da aka fara karɓa daga Janairun 2023, ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da motarka. Sai mai cikakkiyar inshora ne zai iya nema, shi ma ana son ya ɗauki hoto ya sanar da su tun ranar da gilashin ya fashe kafin a taɓa komai, kai kuma wata biyu sun riga sun wuce.