Tambaya da Amsa: Ina Zan Kai Baƙin Man Gareji?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin gareji, muna yi wa motoci kamar goma juyen mai a mako. Yaran shago a kwatar baya suke zubar da baƙin man, ga shi maƙwabta sun fara ƙorafin rijiyarsu tana wari. Me zan yi wanda ba zai cinye mini jari ba? — Mai gareji, Kano

Amsa: Maigida, fara da lissafi. Ƙaramar mota tana shan lita huɗu ko kusa da haka, ke nan lita 40 kuke zubarwa duk mako. Baƙin mai ba ya narkewa a ruwa, kuma yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafan inji. Ƙasa ce ke tsotse shi sannu a hankali, damina ta tura shi zuwa rijiya. Maƙwabtanka suna da gaskiya.

Nemi duro mai lita 200 mai murfi, ka ɗora shi a kan daɓen siminti a ƙarƙashin rumfa, nesa da wurin walda. A mako biyar zai cika. A tari man da faranti mai faɗi, a juye shi da mazurari. Inda masu gareji suka fi yin kuskure shi ne haɗa komai wuri guda. Kada fetur ko man birki ko ruwan lagireto ya shiga duron: fetur yana jawo gobara, ruwa kuma yana karya farashinsa, don akwai masu sayen baƙin man su tace shi. Amma ka tambayi mai sayen inda zai kai shi. Wanda zai hura wutar gidan burodi da shi, kada ka sayar masa, hayaƙinsa guba ne.

Tsohuwar filtar mai a huda ta, a kife ta kwana ɗaya ta tsane. In mai ya zube, a zuba yashi ko garin katako a kwashe; wanke shi da ruwa ƙara yaɗa shi ne kawai.

Batir ma ba ka tambaya ba, amma kada yara su fasa shi a shago. Dalma ce a ciki, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. A ajiye shi a tsaye da ruwansa har mai saye ya zo.

Rijiyar kuwa, a daina shan ruwanta sai an gwada shi. Tafasawa ba ta fitar da mai.