Amsa kan lasisi da sunayen waɗanda suka taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da murya, ina cikin mota ne, rubutu zai yi wuya.

Ƙanina da ya yi tambaya da rana, ka ce ku huɗu kun haɗa 'yar manhajar gwaji, kun ɗebo wani ɓangare daga kod ɗin pytest, wato manhajar da ake gwada kod ɗin Python da ita, yanzu za ku ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet. Kana so ka san ko lasisi, wato rubutaccen izinin amfani da kod, dole ne, sannan wanda bai rubuta kod ba, kuskure kawai ya gano ya kawo rahoto, ko shi ma a sa sunansa.

To, ta farkon. Da yawa suna zaton abu in yana buɗe a GitHub, kowa na da izinin ɗauka. Ba haka ba ne. In babu fayil ɗin lasisi, haƙƙin yana nan a hannun wanda ya rubuta, gani da kwafa a cikin GitHub ɗin kawai mutum zai yi, kuma kamfanin da ya san doka ba zai taɓa shi ba. Shi pytest lasisin MIT gare shi, gajere ne, minti ɗaya ka karance shi. Ya ce ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka ga dama. Sharaɗinsa ɗaya tak: layin haƙƙin mallaka da rubutun izinin su bi kod ɗin duk inda ya je. A layin nan akwai sunan Holger Krekel, wanda ya fara pytest, da shekarar 2004. Tunda kun ɗebo daga can, don Allah kar ku goge shi, ka ji? Wannan ba alfarma ba ce, sharaɗi ne.

Naku lasisin kuma ku yanke yanzu tun kuna huɗu. Misali, Selenium, manhajar gwada shafukan intanet, lasisin Apache 2.0 yake amfani da shi, wanda ya ƙara maganar haƙƙin ƙirƙira (patent), ya kuma ce fayil ɗin da ka canza ka nuna ka canza. A 2017 Facebook ya mayar da manhajojinsa Jest da React zuwa MIT bayan mutane sun yi ta ƙorafi kan tsohon lasisin. Ku kuwa, in masu hannu a aikin suka kai talatin, canjin zai buƙaci yardar kowannensu, wani ma ya daɗe da sauya lamba.

Ta biyun ce ta fi taɓa ni, wallahi. Na taɓa kwana uku ina bin wani kuskure a wata manhaja, gwajin yana wucewa a kwamfutata, yana faɗuwa a ta wasu. Na gano saɓanin agogo ne, na rubuta musu komai dalla-dalla. Suka gyara da layi biyu, sanarwa ta fito ba ko sunana. Ban koma ba, kuma har yau abin yana raina.

Ku duba pytest, suna da fayil mai suna AUTHORS, sunaye a jere bisa haruffa, wanda ya kawo gyara shi yake ƙara sunansa da kansa. Ku buɗe irinsa, amma ku faɗaɗa. A aikin gwaji, wanda ya gano inda abu yake karyewa ya yi rabin aikin. Ku sa shi, ku sa mai fassara bayanin zuwa Hausa. In ku biyu kuka yi gyara, a ƙasan saƙon da ake rubutawa lokacin ajiye gyaran (commit) ku rubuta Co-authored-by da sunan ɗayan da imel ɗinsa, GitHub zai nuna ku duka. Sai dai ku tambayi mutum tukuna, wani ba ya son sunansa na gaskiya a intanet.

In kun ɗora ku turo nan, da na isa gida zan duba muku fayil ɗin lasisin.