Zan iya wanke kayan inji da fetur kafin in fesa musu fenti?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina farfaɗo da Peugeot 504 da mahaifina ya bari, haɗin Kaduna, a gida nake aikin ranakun hutu. Na sauke injin na warware shi. Yaron da ke taya ni ya ce mu jiƙa komai a bahon fetur, mu goge, mu fesa fenti. Hankalina bai kwanta ba, don murhun iyalina yana kusa da rumfar. Sannan wane fenti ne zai jure zafi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Baba. Ka hana yaron nan tun yau.

Na gaji da jin "ai shekara ashirin muna wankewa da fetur, ba abin da ya faru". Kowane gareji ka shiga za ka tarar da yaro tsugune, hannu tsundum cikin kwanon fetur, ogansa na gefe da taba a baki. Abin da suka ƙi ganewa shi ne ba ruwan fetur ɗin da ke cikin bahon ne ke fara kama wuta ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Afrilu. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi yana rarrafe kamar ruwan da aka kwarara, ya ratsa tsakar gida har ya iske garwashin murhu ko janareta, wutar kuma ta biyo sawunsa ta dawo bahon kafin ka ce kwabo. Na taɓa kashe wuta da bargo a jikin wani yaro da wandonsa ya sha fetur. Mai waldar da tartsatsinsa ya tayar da wutar yana can nesa, ko waiwayowa bai yi ba. Ga kuma sinadarin benzin na cikin fetur, da ke shiga ta fata da numfashi, wanda an tabbatar yana jawo sankarar jini. Mai cewa fetur ya fi saurin cire baƙin mai bai yi ƙarya ba, amma minti goma ne duk ribar.

Yi amfani da kananzir ko man gas. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38 yake fitar da irin wannan tururin, gas kuma sai ya haura 50. Zariya tana kai 38 da bazara, saboda haka a inuwa, nesa da murhu. Kuma ka saya a gidan mai, don na bakin titi wani lokaci an surka shi da fetur.

Kankare datti mai kauri tukuna, ka bi da burushi da kananzir, sannan ruwan zafi da Omo, domin fenti ba ya kama wurin da ke da maiƙo. Busar nan take, ka hura iska cikin hanyoyin mai, ka shafa wa cikin silinda mai kafin tsatsa ta hau. Idan wani ya ba ka shawarar sodar yin sabulu, ka sani bulok ɗin 504, wato gangar jikin injin, baƙin ƙarfe ne, zai jure, amma kan injin alminiyam ne, soda cinye shi take yi. Kafireto ma kada ta taɓa shi.

Fenti kuwa, rufe da tef duk inda gaskit, abin hana yoyo tsakanin ƙarfe biyu, zai zauna, da ramukan noti, da inda wayar batir ke kama jikin inji. Fentin inji na gwangwani, mai jure kamar digiri 260, ya ishi bulok da murfi: shafi biyu ko uku marasa kauri, kana bari kowanne ya sha iska. Bututun hayaƙin da ke manne da kan inji ya fi ƙarfin wannan, sai fentin da aka rubuta digiri 600 ko sama a jikin gwangwaninsa. Ranar da ka fara tayar da motar zai yi hayaƙi da wari na ɗan lokaci, fentin ne ke gasuwa, ka fito da ita fili kafin ka murza makulli.